Lakar Bakin Rafi

Cikin Barakatu na da wata huɗu kwaɗayin ƙasa ya kama ta. A bayan ƙauyensu, kusa da Daudawa, akwai wata kwana da rafi ke ajiye laka mai laushi. Duk sanda ta je wanki sai ta ɗebo a bakin zane, ta shanya bisa rumbu, ta riƙa gutsura in ba kowa. Mijinta Ubale bai sani ba.

Ranar wata Talata, cikin ya kai wata bakwai, Ubale ya dawo daga ƙofar maigari. Ya ce wasu ma'aikata sun zo daga Katsina da sakamakon lakar da suka ɗiba watan jiya. Masu wankin zinare da ke can sama da rafin sun shekara uku suna zubar da ragowar dutsen da suka niƙa, akwai dalma a ciki, ga kuma zaibar da suke kama zinaren da ita.

"Ruwan dai ka gan shi garai-garai," in ji shi, "amma gubar ta kwanta a ƙasa. An hana yara wasa a wurin, an hana ɗibar yumɓu. Mu Allah ya taimake mu, ruwan burtsatse muke sha."

Barakatu na tankaɗe. Ta ci gaba da kaɗa rariyar alhali garin ya ƙare.

"Malam, in mutum ya taka kawai fa?"

"Taka ba komai. Sun ce ta baki ne ke kisa, musamman ƙananan yara."

Kwana biyu ba ta iya cin tuwo ba. In ɗan cikin ya motsa ta ce ko zafi yake ji, in ya yi shiru ta danna cikin da hannu har sai ya shura. A rana ta uku da hantsi ta tafi gidan Tabita, tsohuwar ungozomar da ke karɓar haihuwar Musulmi da Kiristan ƙauyen baki ɗaya. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mata lakar.

"Inna, ita nike ci."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan girbin dawa."

"Kullum?"

Barakatu ta sunkuyar da kai. Tabita ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce ita ma ta ci ƙasar wannan kwanar a cikinta na fari, lokacin rafin na da lafiya. Sannan ta ɗauki mayafinta.

"Tashi mu je wurin mijinki. Ni zan faɗi mashi."

Suka iske Ubale yana gyaran garma. Da ya ji, sai ya ajiye garmar ya zauna a ƙasa. Daga baya ya tambayi Tabita mata nawa ne masu ciki a ƙauyen. Ta ce shida, kuma daga nan gidajensu za ta.

Washegari ya ɗauki Barakatu a babur zuwa Funtuwa, a hankali saboda ramuka. Aka ɗebi jininta, aka ce su dawo bayan mako guda. Da suka koma, likitar ta ce akwai dalma a jinin, ta wuce yadda ake so amma ba ta kai inda ake fid da rai ba. Ta rubuta magani, ta ce a riƙa kawo ta awo duk sati biyu.

"Ɗan fa, likita?" in ji Barakatu.

"Zuciyarsa na bugawa lafiya. Sauran sai an haifa, mu ga tafiya, mu ga magana. Ba zan yi miki ƙarya ba."

A cikin sauran mata biyar ɗin, uku sun amsa wa Tabita cewa su ma suna ci.

Barakatu ta haihu da farkon damina, mace, ƙarama ƙwarai, aka sa mata Zulaihatu. Yanzu watanta tara. Tana zama, tana juyowa in an kira ta, amma ba ta fara rarrafe ba. Tabita ta ce wasu yaran haka suke. Duk da haka kowace safiya Barakatu kan shimfiɗa tabarma ta kwantar da ita rub da ciki, ta koma ɗaya gefen ta durƙusa, tana tafa hannu tana kiran sunanta.