Kasko a Ƙarƙashin Hannun Kawu

Kawuna Lorne in ya kama kifi, sakinsa yake yi. Haka na taso na gan shi. To a wannan tafiya da muka yi cikin kwalekwale a tafkunan arewacin Ontario, guzurinmu ya ƙare, saura ɗan garin masara da mai, ga gida da nisa.

Na ce, "Kawu, yau dai kifin nan cinsa za mu yi."

"To da duwatsu za mu ci? Tuƙa mu gindin wancan icen, sarkin ci."

Na tuƙa a hankali. Ya wurga zarensa, ƙugiyar da ya ɗaure wa gashin barewa ta sauka kan ruwa kamar ƙwaro. Nan take wani ƙaton kifin bas ya cafke ta. Suka yi ta ja-in-ja har Kawu ya ɗago shi. Ya zare ƙugiyar, ya ce masa, "Gai da gida," ya sake shi cikin ruwa.

Muka kalli juna.

"Kawu, abincinmu fa ka sallama."

"Wayyo, Emmett! Hannun ne ya saba."

Sai da rana ta take, sannan wani kifin ya cafke ƙugiyar. Na ajiye filafilin tuƙi, na matso a hankali da kasko. Kawu ya zare ƙugiya, ya ce, "Gai da gida," ya buɗe hannu. Kifin ya faɗo tim cikin kaskon da na tara.

Kawu ya dubi kifin, ya dube ni, ya fashe da dariya.

"Ja'iri! Kai mu gaɓa ka hura wuta."