Sanyin da Ba Ciwo Ba Ne

Zara ta cika shekara huɗu, uwarta Khaulat ba ta ko yi ɓatan wata ba. Mijinta Modu rakiyar shanu yake yi daga Kasuwar Shanu zuwa Kudu. In ya hau tirela ranar Laraba, sai a shafe makonni ba a ga ƙeyarsa ba.

Wata Laraba da hantsi ta leƙa gidan maƙwabciyarta Doosuur, ma'aikaciyar jinya, nan unguwar Dogo Tebo, da gorar jiƙo a hannu.

"Sista, sanyin nan ya dawo. Kowane wata sai ya zo mini a tsakiyar tsarkina, jiƙon kuma ya ƙi aiki."

"Yana ƙaiƙayi? Yana wari?"

"Ko ɗaya." Khaulat ta sunkuyar da kai. "Garai-garai yake, da yauƙi kamar ruwan ɗanyen ƙwai. Ga ɗan tsunkuli a gefen mara."

"In sanyin ya zo, Baban Zara fa?"

"Ai nesa-nesa nake da shi har ya ɗauke, kada in shafa masa."

Doosuur ta dafe kai tana dariya. "Maman Zara, kin kashe ni! Wannan ba ciwo ba ne, jikinki ne ke gaya miki ƙwai ya kusa fita. Lokacin da ciki ya fi shiga ke nan, ke kuma kike korar bawan Allah! Da akwai ƙaiƙayi ko wari, asibiti zan tura ki. Wannan kuwa kwana kaɗan yake yi, in ya wuce sai wani watan."

Khaulat ta miƙe zumbur. "Innalillahi! Yau fa su Baban Zara suke lodi!"

Ta bar wa Doosuur Zara, ta zuba shinkafa a kula don kada a ce ta je kasuwa hannu sake, ta tare keke. "Malam, don Allah taka shi!"

Can ta hango Modu a saman tirela yana ɗaure igiya. Abokin aikinsa Bubayaro ya ɗaga murya: "Modu, sauko! Uwargida ta biyo ka da kula, ko karyawa aka hana ka?"

Modu ya diro a firgice. "Lafiya? Ina Zara?"

"Ƙalau take." Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. "Abin nan da nake ce maka sanyi, Sista ta ce ba ciwo ba ne. Ta ce in muna so Zara ta samu ƙani, to yanzu ne."

Modu ya dubi tirela, ya dube ta, ya sosa ƙeya.

"Bubayaro! Hau, na bar maka wannan zuwan. Ba na jin daɗin jikina."

Bubayaro ya ƙare masa kallo, mutumin da ɗazu ya murɗe wuyan bijimi shi kaɗai. "Allah ya sawwaƙe," ya ce yana danne dariya. "Ai ga mai jinya nan ta iso."

Modu ya karɓi kular, shi da kansa ya tare musu keke.