Ƙwarin Gashin Idon Inna Ummukulthum

Tun kakar gyaɗa ƙaiƙayi ya kama Inna Ummukulthum a bakin fatar ido. Kullum ta tashi da safe sai ta tarar da ɓawo fari-fari a gindin gashin idonta. Ta daina sa kwalli, ta wanke da ruwan ɗumi har ta gaji. Da abin ya kai ba ta iya tsince wake sai hawaye, 'yarta Khaulat ta zo daga Gezawa ta sa ta a mota zuwa asibitin ido.

Likitar ta tsige gashi biyu ta duba a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa.

"Inna, ƙwari ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. A gindin gashin suke zaune."

"Ƙwari? Ni da nake alwala sau biyar?"

"Ba ƙazanta ba ce, Inna. Kusan kowa na da su, naki ne suka yi yawa."

Aka ɗora ta a sikeli, aka ba ta man shafawa da wasu 'yan ƙwayoyi farare. Ta zuba su a tafin hannu, ta ƙura musu ido.

Ta san su. Shekarun baya marigayi mijinta, Malam Nababa, shi ke rabon irinsu a ƙauyensu, maganin tsutsar da ke makantar da mutane. Yana da wata doguwar sanda mai fenti kala huɗu. A gindin ɗorawar ƙofar gida yake tsayar da mutane ya auna tsawonsu, sannan ya ba kowa daidai nasa. Ita takan zo ƙarshe, bayan kowa ya watse. Sai ya jingina mata sandar ya ɓata fuska, ya ce, "Bana ma ba ki ƙaru ba, Ummu. Ina tuwon nan yake zuwa?"

"Inna, lafiya?" in ji Khaulat.

"Babanki da sanda yake aunawa. Bai taɓa kuskure ba."

Khaulat ta yi dariya, ta miƙo mata ruwa. Duk hanyar komawa labarinsa suka sha, har direba ya sa baki.

Ta sha kashi na biyu bayan mako guda, ta wanke matashi da mayafai ta shanya a rana kamar yadda aka ce. Kafin a gama yankan dawa ƙaiƙayin ya tafi. Ranar sunan jikar maƙwabciyarta ta rangaɗa sabon kwalli, ita ce ma ta fara isa gidan.