Ruwan Butar Bala

Da na san abin da zai fito daga ɗakin aikin Anas mai warin darma, da tun da damina na sa masa kwaɗo.

Anas ɗana ne na fari. Tun da ya dawo daga lakwal, makarantar koyon lantarki a Maradi, yake haɗa ƙaramin jirgi mai fanka huɗu, wai don korar tsuntsayen jan-baki daga gonar dawarmu ta bakin tafki. Kowace fanka da injinta, kowane inji da wani ɗan allo kamar kwalin ashana mai ba shi umarnin gudu ko sassautawa. Allunan nan da hannunsa ya haɗa su. Uku da sabbin kaya daga kasuwar Ɗan Issa, na huɗun da abin da ya ciro daga matacciyar rediyo. Shi ne mai yin zafi.

Ranar gwaji ƙanena Bala, ɗan kabu-kabu, ya kai mu gona. Anas ya tayar da injunan a ƙasa, ya kashe, ya ce a bari allon mai zafin ya huce, sannan ya tafi gaida maƙwabcin gonarmu.

Bala ya taɓa allon, ya janye yatsa.

"Kai! Yaya, wannan ai sai a gasa masara a kai."

"Ka bar masa kayansa," na ce.

"Inji dai inji ne. Moto nawa in ya yi zafi mi nike masa?"

Ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a kai, kamar yadda suke yi a bakin tasha. Ban hana ba, don ni ma na sha ganin ana yi.

Anas ya dawo yana murmushi.

"Injiniya, na shayar maka da dokinka," in ji Bala.

"Baba Bala ke nan, ba ka rabo da ba'a."

Bai tambaya ba, mu ma ba mu ƙara ba. Ya durƙusa ya haɗa batir.

Bai ma taɓa abin tuƙin ba. Fanka ɗaya ta yi kururuwa ita kaɗai, jirgin ya tashi ta gefe guda ya daki fuskarsa. Na ji ƙara kamar an tsaga kara. Anas ya faɗi zaune, tafinsa a kan idon hagu, jini na bin tsakanin yatsunsa. Na ruga na tallabe shi.

Bala ne ya ɗora shi a moto, ni a baya ina riƙe da shi, har asibitin Maradi. Duk hanya yana cewa, "Ruwa ne fa kawai, Yaya. Ruwa ne."

An ɗinke fatar, an naɗe idon. Uwarsa Atika tana zaune a bakin gado. Lokotoro ya ce sai kumburin ya saɓe za a buɗe. Har yanzu ba mu san ko idon zai sake gani ba.