Biyu Daga Hannu, Uku Daga Tebur

"Tukunya," na ce, na tura duwatsuna tsakiyar tebur.

Haka muke cewa in mutum zai zuba daidai abin da ke tsakiya, don a wasan karta na Omaha da muke bugawa ba a wuce hakan. Da ɓaraguzan dutsen ado na opal marasa launi muke wasa, waɗanda ko baƙi ba sa saye. Lahadi ce bayan cin abincin rana, kwanon barandar yana ƙas-ƙas saboda zafi.

Theo mai gyaran janareto ya yar da kartarsa. Marlene, wadda ke rabawa, ta kori ƙuda daga kan ragowar naman rago. Saura ni da maƙwabcina Kawu Zvonko, mai gidan, da robar iska a hancinsa.

"Na bi," ya ce. "Ɗan nema, da dabarar da na koya maka za ka kore ni?"

Shekara arba'in ya yi a ramin haƙar opal a nan garin Lightning Ridge, ƙura ta cinye masa huhu. Shi ya koya mini wasan bayan na bar makaranta. Karta huɗu a hannu, biyar a tebur, amma dole ka haɗa biyu daga hannu da uku daga tebur, ba ƙari ba ragi. Ya sha ce mini, "Darcy, jiran karta ba laifi ba ne. Amma kada ka biya kuɗin jiran wadda ko ta zo wani zai fi ka."

'Yarsa Vesna ta daɗe tana son kai shi gidan tsofaffi a garin Dubbo. Ta ce magani ya fara taɓa masa kai. Shi kuma ya ce muddin yana zama a teburin nan yana cin mu, kansa ƙalau yake. "Ranar da na kasa ƙirga biyu, ni da kaina zan kira ta."

Karta huɗu ke buɗe a tebur, uku masu zuciya. Marlene ta juya ta biyar. Zuciya ce ita ma.

Kawu Zvonko ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya buga as na zuciya a tebur, kartar da ta fi kowace girma, ya baje sauran ukun. Duk baƙaƙe ne.

"Zuciya biyar, da as a kai! Ita nake jira tun ɗazu."

Zuciya ɗaya ce tak a hannunsa, wasan kuma biyu yake so. Ba shi da komai. Theo ya sunkuyar da kai yana karanta kwalbar giyarsa. Marlene ta dube ni.

Ni kuwa bakwai da huɗu na zuciya nake riƙe da su, da uku na tebur sun cika biyar. Ni na ci. Amma na ga hannunsa a kan duwatsun, na tuna Dubbo. Sai na kife kartata na tura gefe.

"Ka ci, Kawu."

Ya fara jan duwatsun, sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon as ɗin, leɓensa na motsi. Sannan ya miƙa hannu ya buɗe kartata.

"Bakwai da huɗu. Na hana ka bin ƙananan nan," ya ce a hankali. Babu wanda ya yi dariya. "Sau nawa kuka yi mini haka?"

"Yau ne kawai, Kawu."

"Makon jiya da na share Theo fa?"

"Kai ka ci ni, tsoho, har gida na je ina zaginka," in ji Theo.

"Marlene?"

"Gaskiya suke faɗa, Zvonko."

Gaskiyar ce kuwa. Amma ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, na ga ba zai ƙara yarda da ko ɗayanmu ba. Ya turo mini duwatsun har wasu suka zube ƙasa, ya ja keken tulun iskarsa ya shige ɗaki.

A bakin ƙofa Theo ya ce mini, "Da ka ce masa ‘biyu, tsoho’, da ya zage ka, ya zagi likita, a sake rabawa. Kai da tausayinka."

Laraba Vesna ta zo da mota, shi da kansa ya kira ta. Na fito zan ɗaukar masa jaka, ya ce in bari, ba nauyi. Sau biyu na buga waya Dubbo, aka ce yana barci. Kwana goma sha tara ya yi a can.

Bayan an binne shi Vesna ta ba ni makulli in kwashe kayan kicin. A kan ɗan teburin da yake shan kofi na tarar da karta a jere, ƙura ta fara hawa: biyar a tsakiya, huɗu ta gefen kujerarsa. Ya jawo biyu gaba, as ɗin da wata baƙa, ya danne su da dutse ɗaya don kada iska ta ɗauke.