Bangon da Ba Ya Gardama

Sabrin ta niƙa ɓarɓashin a ƙaramin turmin ɗakin gwaji, ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Daga ƙarƙashin filon mahaifiyarta ta sato shi. Guntun bangon da ya danne ƙanenta Midhat ne, ranar da benensu ya rufta a Iskandariyya.

Ta sa garin a na'urar da ke ratsa abu da hasken da ido ba ya gani, ta zana layin abin da ke cikinsa. Layin ya fito da ƙaton tozo a tsakiya. Garin farar ƙasa ne, an barbaɗa masa siminti don kunya. Ta zauna tana jiran kuka, bai zo ba.

Sai ga Ammu Ragab, direban ɗan kwangilar da ya gina benen. Ɗan kwangilar nan dai aka sake bai wa ginin da za a tsugunar da waɗanda suka tsira. Ya ajiye guntun kankare mai sheƙi da kwalin kek ɗin basbusa.

"Injiniya, ga na sabon gidanku. A gaida Mama."

"Daga ina aka ɗebo shi, Ammu?"

Ya yi dariya. "Haba 'yata, mai zuwa ɗaukar hoto ai wanka yake yi."

Ta auna. Layi ya fito tas, ba tozo. Ta kai wa shugabanta sakamakon biyu, ya ture na farkon gefe.

"Abin da aka kawo mana muke aunawa, Sabrin, ba abin da aka gina ba."

* * *

Ta hau hawa na biyar na sabon ginin da niyyar hana mahaifiyarta tarewa, ta tarar har an shimfiɗa darduma.

"Mama, ku tattara mu koma wurin Gwaggo."

"In koma kwana a barandar mutane? Na gaji da zama kaya. Kuma ba ofishinku ne ya ce ginin lafiya lau ba? Riƙe min nan."

Ta miƙa mata hoton Midhat, ta ɗora ƙusa a bango, ta danna da babban yatsa. Ƙusar ta shige har wuya. Farin gari ya zubo a kan gilashin hoton.

"Kin gani? Ko guduma ba ya so," in ji tsohuwar, tana goge fuskar ɗanta da gefen mayafi.