Wanda Aka Tsallake

Mista Tollefson ya cire tabarau, ya goge shi da bakin rigarsa, ya mayar, sa'an nan ya sake duban takardar, kamar mai fatan adadin ya ragu kafin ya gama gogewa. Bai ragu ba.

"Dala dubu talatin da shida," in ji shi. "Ranar sha biyar ga Afrilu. Wato jibi."

Darla Vollmer ko rigar sanyinta ba ta tuɓe ba, domin ta shigo ne da niyyar sa hannu ta koma makarantar firamaren Norvik, inda take aikin sakatariya, kafin a tashi yara. Tun tana budurwa wannan dattijo ke cika mata takardun haraji a ɗan ofishinsa da ke tsakanin shagon aski da kantin magani, kuma bai taɓa gaya mata abin da ya wuce cewa gwamnati za ta maido mata da ɗan canji ba.

"Ai kuɗin kakana ne," ta ce. "Kai da bakinka ka ce ba a cire harajin albashi a gado."

"Ba na albashi ba ne. Wannan sunansa harajin tsallake." Ya jera yatsu uku a kan tebur. "Kaka, ɗa, jika. Gwamnati tana cin rabonta a kowace matakala. Uba ya mutu, ɗa ya gada, ta ɗiba. Ɗa ya mutu, jika ya gada, ta sake ɗiba. To, idan kaka ya yi wayo ya miƙa wa jika ta saman kan ɗansa, sai ta ce a tsallake kowa ban da ita. Goggonki Ardis ta fitar miki da dubu casa'in bara daga asusun amana, ta kuma aika wa hukuma rahoto yadda doka ta ce. Kashi arba'in nasu ne, kuma wanda ya karɓa shi ke biya."

"Ba rangwame?"

"Da akwai. Kakanki Otto ya ƙarar da shi tun yana da rai, a kan gonakin da ya kyautar wa 'ya'yan Ardis."

Duk wanda ya girma a wannan yanki na Dakota ta Arewa ya san Otto Vollmer, manomin alkama wanda bai taɓa cin bashi ba, bai kuma taɓa yafe shi ba. 'Ya'yansa biyu ne, Ardis da ƙanenta Rollie, mahaifin Darla. Rollie ya sha giya, ya yi caca, har wata shekara ya jinginar da motar girbin gidansu ana gobe za a fara yanka. Ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Otto ya yanke, ya kuma kira lauya ya shaida. Ya zuba dukiyarsa a asusun amana, ya damƙa riƙonsa ga Ardis, ta ci ribarsa, ta taimaki jikoki idan ta ga dacewa. Rollie kuwa an rubuta masa dala ɗaya, bisa al'adar lauyoyi, don kada wata rana ya je kotu ya ce mantawa aka yi da shi. Bayan an binne Otto sai aka haƙo mai a ƙarƙashin gonar, abin da ya nuna cewa arziki ba ya karanta wasiyya.

"Wata hanya fa?" Darla ta tambaya.

"Guda ɗaya ce, ita ma ta wuce. Da a ce Rollie ya riga Otto mutuwa, da doka ta ɗauke ki ta ɗora a matakalarsa. Da ko kwabo ba a nemi ki biya ba."

"Wato laifinsa yana raye."

"Laifinsa yana raye a ranar da Otto ya rasu. Ni ma na gan shi wajen jana'izar a kujerar ƙarshe ta coci, da kwat ɗin aro." Ya ajiye takardar. "Kuɗin suna nan?"

Ta miƙe, shi kuma bai maimaita tambayar ba. A Norvik mutum yakan yi tambaya ne don ya ba ka damar faɗin abin da ya riga ya sani. Bara Rollie ya faɗi a bakin kanti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Dubu casa'in ɗin nan sun tafi asibiti da gidan kula da tsofaffi na bayan coci, inda yake da ɗaki mai taga. Kuɗin da aka tsallake shi aka ba ta, kansa suka koma, sai dai takardar hukuma ba ta da gurbin rubuta haka.

Ta yi waya makaranta ta ce ba za ta dawo ba, ta ɗauki hanyar gona. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, hanya duk taɓo. Daga tagar kicin ɗin Goggo Ardis ana hango injin rijiyar mai yana sunkuyawa yana ɗagowa, shi kaɗai a gidan Vollmer ya taɓa rusuna wa wani.

Ardis ta zuba mata gahawa, ta turo farantin kek, domin a gidan nan ba a hana mutum abu alhali cikinsa babu komai.

"Ban tambaye ki abin da za ki yi da su ba," ta ce, "don kada ki gaya mini."

"Na gode, Goggo. Yanzu harajin nake so ki biya mini daga asusun."

"Vern Tollefson bai gaya miki ba? Idan na biya miki, sai a ce na sake ba ki kyauta, baɗi a sake cire harajin haraji. Kare yana bin jelarsa ke nan." Ta gyara zama. "Ba ma wannan ne ya dame ni ba. 'Ya'yana Dale da Curtis sun fara magana. Sun ce wasiyyar Baba ta ce ko kai tsaye ko ta bayan gida, kada komai ya kai ga Rollie. Curtis har ya ambaci lauya. Ɗan da na haifa, yana ambata mini lauya a kan teburin nan."

"Ƙanenki ne, Goggo."

"Ni na goya shi, ba sai kin tuna mini ba. Ni na yi ta ɗauko shi daga mashaya lokacin da uwarki ta gaji ta tafi." Ta dubi injin man na ɗan lokaci. "Ga abin da zan iya. Zan biya, har da na baɗi. Amma ki mai da shi gidan tsofaffi na gwamnati can gabas, inda ba a biya. In an yi haka 'ya'yana ba su da ta cewa."

"Can ai yini guda ne zuwa da dawowa. Mutum uku a ɗaki."

"Ana ciyar da su."

"Wa zai riƙa zuwa ganinsa?"

"Wa ya zo ganinki ranar da kika gama makaranta?"

Darla ta ɗauki kofin ta ajiye ba ta sha ba. Maganar gaskiya ce, kuma wannan shi ne aibin Goggo Ardis tun fil azal. Da ta tashi tafiya, tsohuwar ta naɗe sauran kek ɗin a takarda ta cusa mata a aljihu.

"Mai lemon tsami ne," ta ce, ba ta dube ta ba. "Ni ba na cinsa. Ki ba duk wanda kika ga dama."

Ta samu mahaifinta a falon gidan tsofaffi, a keken guragu, yana karta da wani tsohon direban jirgin ƙasa mai suna Arne. Katin Rollie a jere suke a wani ɗan katako mai tsaga, saboda hannu ɗaya ya rage masa. Ƙunshin sukarin shayi suke sakawa maimakon kuɗi, kuma rabon Arne ya fi yawa.

"Ga 'yarka nan ta zo belinka," in ji Arne. "Ka gode wa Allah, saura kaɗan ka sha gahawa ba sukari har Kirsimeti."

"Ɓarawo," in ji Rollie, bakinsa na ja gefe ɗaya. "Da hannu biyu nake, da ka san kanka."

"Da hannu biyun ai gona ka rasa."

Darla ta tura shi ɗakinsa, ta ajiye keken a gaban taga. A hanya ta yanke cewa ba za ta gaya masa komai ba. Ta buɗe kek ɗin, ta gutsura masa. Ya tauna a hankali.

"Ardis," ya ce. "Har yanzu tana cika lemo." Ya juyo da idonsa mai kyau. "Yau Laraba ce, ke kuma ba kya zuwa sai Asabar. Kin kuma biya ta gona. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Baba."

"To, wa ake so ya mutu?"

Sai ta gaya masa. Ta jera masa yatsu uku a hannun keken yadda Mista Tollefson ya yi, ta faɗi adadin, ta faɗi ranar. Maganar gidan gwamnati kaɗai ta riƙe. Ya saurara bai katse ta ba, abin da bai saba ba.

"Da na mutu kafin shi fa?"

"Da ba a biya komai ba."

"Na yi ƙoƙari," in ji shi. "Allah ya sani na yi ƙoƙari. Duk mashayar da ke tsakanin nan da kan iyaka shaida ce."

"Baba."

"Tsaya, ki sake mini bayani. Wannan kuɗin, kika ce shi ne abin da gwamnati za ta ci da a ce gadon ya biyo ta hannuna?"

"Haka Vern ya ce."

"Wato su a lissafinsu, ta hannuna ya kamata ya biyo."

"I."

Ya juya ya dubi taga, inda rufin coci ke ɗigar da ruwan ƙanƙara. Shekara ashirin da wani abu ke nan dangi suna zagaye sunansa kamar rami a hanya. A taron Kirsimeti akan ce gonar Otto da Ardis da jikoki. Fasto da kansa, ranar jana'iza, ya karanta waɗanda mamaci ya bari, ya haɗiye sunan cikin tari.

"Ubana ya ce ba shi da ɗa," ya ce a hankali. "Lauya ya rubuta, coci ta ce amin. Ashe akwai wani ofishi can a birni da bai yarda ba. Sun ce a'a, akwai mutum a tsakani, kuma sai an biya kuɗin wucewa ta kansa." Ya yi wata 'yar dariya da rabin baki. "Dubu talatin da shida. Ban taɓa jin wanda ya yi mini kuɗi haka ba."

"Ni zan biya, ba su ba."

"Na sani." Dariyar ta ɗauke. "Ardis ta ce ki kai ni gabas, ko? Kada ki yi ƙarya, ba ki iya ba, gadon uwarki ne. Ki kai ni. Ni duk inda akwai karta gida ne."

Ta dubi hannunsa na dama, kwance a cinya kamar na wani. Mutumin nan bai zo bikinta ba, bai zo ranar da aurenta ya mutu ba. Ta nemi fushin da ta yi shekaru tana ajiya, ta same shi yana nan daram, sai dai bai ce ta kai shi ko'ina ba.

"Buɗe aljihun tebur ɗin nan," ya ce. "Walat ɗina."

A bayan lasisin tuƙin da ya daɗe da mutuwa, akwai takardar dala ɗaya, an ninke ta har ta yi laushi kamar tsumma.

"Lauyan ne ya miƙo mini a ambulan, ya sa na sa hannu cewa na karɓa. Na sayar da agogona, na sayar da bindigar farauta, har zoben aure. Wannan ban taɓa kai ta teburin caca ba. Kada ki ɗauka daraja ce, ko giya ɗaya ba ta saya." Ya tura mata da yatsa. "Gadona ne kaf. Tunda kaina aka tsallake, ba zan bari a biya ba da ni ba."

Ta karɓa. Ta gyara masa bargo a ƙafa, ta ce sai Asabar.

"Nan ko gabas?"

"Arne yana bin ka sukari," ta ce. "Ba ka da inda za ka je."

Ta biya ta gida ta ɗauko takardun gidanta, wanda ta gama biyan bashinsa shekara biyu da suka wuce, har ta gayyaci maƙwabta cin nama. Ta isa bankin manoma ana shirin rufewa. Manajar, wadda suka yi aji ɗaya a makaranta, ta dubi takardun, ta dubi Darla, ba ta yi tambayar da ta riga ta san amsarta ba. Ta jawo fom ɗin jingina, ta cire murfin biro.

"Nawa zan rubuta?"

"Dubu talatin da biyar da ɗari tara da casa'in da tara."

Biron ya tsaya. "Me zai hana ki cike shi talatin da shida?"

"An biya sauran," in ji Darla.